Fitilar da Ke Jin Muryar Kaka

Har yau, duk ranar da gajiya ta kwantar da ni ban ko cire mayafi ba, warin narkakkiyar dalma ne yake fara zo mini. Warin gidanmu na Unguwar Dosa ke nan, a daminar da Kaka ta ɗaure kayanta.

Daga ƙauyensu na wajen Zariya aka ɗauko ta, saboda yanar ido ta fara rufe mata gani. Da rana tana lallaɓawa, amma magariba na yi sai duniya ta ɓace mata, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take zuwa. Wata asuba ta fito alwala, ta yi tuntuɓe da turmi, ta faɗi cikin ruwan sama daidai tagar Baba. Ba ta kira shi ba. Ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko a gaban likita "yaron nan" take cewa. A jiƙe Umma ta same ta da ta fito hura wuta.

Ranar ta ƙulle zannuwanta. "Gida zan koma," ta ce wa Umma, alhali Baba na tsaye. "Can na san mazaunin kowane dutse." Ta bakin Umma Baba ya roƙe ta ta jira hanya ta ɗan bushe.

Gyaran tarhon gwamnati ne aikinsa. Yakan dawo a kan keke, wando duk laka, ido ja wur. Ya ci tuwo sama-sama, ya zazzage kayan cikin tsohuwar rediyo a tabarma, da bakin wani mataccen tarho, da ƙwan tocila da batura, ya tura ƙarfen dalma cikin garwashin Umma. So yake ya haɗa fitilar da za ta kama da kanta in ta ji tari ko magana, don Kaka ta ga hanya ba sai ta kira kowa ba. Ta farko kurma ce, sai an buga faranti. Ta biyu kuwa kukan kwaɗi ma kunna ta yake, batir ya ƙare kafin gari ya waye. Sau da yawa nakan gan shi yana gyangyaɗi da waya a hannu.

Da ta kammalu, a cikin gwangwanin madara, ni aka ba in kai.

"Wannan gwangwanin ne zai ji ni?" in ji Kaka. Ba ta rufe baki ba haske ya tashi. "A'uzubillahi! Jummai, fitar mini da aljanin nan!" ta daka mini tsawa.

Ba a fitar ba. Amma ƙullin kayan ma ba a kwance ba.

Fitilar ba ta son shiru, da an daina magana kaɗan sai ta mutu. Bayan isha in mun zauna tatsuniya, Kaka ta tsaya jan numfashi, sai duhu.

"Kaka, ci gaba mana!"

"Ke ƙawata, ni ce kananzir ɗinku?"

Ana gobe motar ƙauyensu za ta tashi, Baba ya zauna a dokin ƙofa ya jingina kai da bango, kamar iska kawai yake sha. Kaka ta gyara zama ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, in na kama ta tawa ce.

Wai wata tsohuwa ce a bakin kogi, dare ya cinye mata ido. Ɗanta ya yi ta tafiya har inda farin wata yake saukowa shan ruwa, ya roƙe shi ɓarɓashin haske. Wata ya ce zai ba shi, amma haskensa sai ana yi masa magana yake zama. Ya dawo ƙafafu duk faso, ya ajiye mata a ƙoƙo, ya koma gefe barci ya kwashe shi a zaune. Ita kuwa mai kawaici ce, ko sannu ba za ta iya ce masa ba. Ga shi ta riga ta ɗaure kayanta.

Nan Kaka ta yi shiru har fitila ta mutu.

"Sai ta yi yaya?" na tambaya. Haske ya dawo.

"Sai ta shafa ƙafafun nan nasa yana barci. Ta ce in na tafi, wa zai riƙa yi wa hasken nan hira?"

"Shi ke nan?"

"Me ya rage? Miƙo mini ƙullin can, zanen barcina na ciki."

Duhu ya sake rufe mu. Can sai aka ja hanci daga bakin ƙofa, fitila ta kama, na ga Baba yana share fuska da hularsa. Kaka ta juya ta fuskanci bango.

"Ki ce wa yaron nan ya je ya kwanta, gobe akwai aiki."

A gidanmu ta ƙarasa kwanakinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Na girma ina sayen littattafan soyayya a kasuwa, ina jiran wanda zai ce mini ni ce hasken idonsa. An faɗa mini ɗin kuwa, maganar ba ta daɗe ba. Sai da gajiyar duniya ta zauna mini a kafaɗa na gane irin ƙaunar da na gani a daren nan, wadda ke gyangyaɗi da waya a hannu.

Jiya ɗan farina ya biyo daga wurin aiki, a gajiye liƙis. Ya hau kujera ya canza mini ƙwan fitilar banɗaki, wanda ban gaya wa kowa ya mutu ba. Sunansa ya zo mini har bakin leɓe. Sai na ce wa ƙanwarsa ta zuba wa yaron nan abinci, ta ƙara masa nama.