Ƙusar da ke Bangon Ɗaga-Kai

Shagon mai hoton yana daura da ƙofar makarantar sakandare, tsakanin kemis da rumfar mai gyaran waya. Ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Ɗaga-Kai ake ce masa, domin ko gaisawa kuke yi, idan ya ga haɓarka ta yi ƙasa, sai ya ce ka ɗaga kai kaɗan. Har mai ɗakinsa, idan ya ƙure ta, da sunan take kiransa, kuma yana amsawa.

Shagon bai fi ɗakin kwana girma ba. Akwai farin ƙyalle a rataye, da fitilu biyu masu lema, da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza aka tokare da kwali, da madubi, da mataji ɗaure da zare saboda 'yan uwansa da yawa sun yi ƙafa. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi, kuma bai taɓa jin wani ya fi shi dacen sana'a ba. Ya ɗauki hoton bukukuwa har ya gaji, amma abin da ransa ya fi so shi ne fasfo na 'yan ajin ƙarshe, lokacin neman gurbin jami'a.

Dokar fasfo ba ta yarda da murmushi ba. Yara kuwa da zarar an ce musu kada su yi murmushi sai su ɗaure fuska kamar an kama su da kayan sata. Shi ya sa Ɗaga-Kai yake da dabararsa. Sai ya fara tsokanar ɗalibi, ya ce hancinsa ya fi ƙarfin kyamara, ko ya tambaye shi ko da yunwa aka haife shi. Idan dariya ta kuɓuce sai ya danna sau ɗaya. Ya jira ta lafa, fuska ta saki, ido na sheƙi, sannan ya sake dannawa. Na biyun shi ake wankewa a kai jami'a. Na farkon ba ya shiga ko'ina, amma bai taɓa iya goge ko ɗaya ba.

Jami'o'i suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da mutanen layin ba sa ma faɗin sunanta, sai dai a ce “can”. Wane yana neman can, wance ta samu can. Duk ɗan makarantar da ya samu can, Ɗaga-Kai yakan wanke hotonsa babba, ya sa a firam, ya rataye a bangon da ke fuskantar ƙofa. A tsawon shekarunsa bangon bai cika ba, domin wata shekarar mutum ɗaya ake ɗauka, wata shekarar ko ɗaya babu.

A tsakiyar bangon akwai ƙusa da ba a rataye komai a kanta ba. Ya buga ta ne ranar da 'yarsa Auta ta zo ta ɗaya a shekararta ta farko a sakandare. Tun daga nan yarinyar ba ta sauka daga ta ɗaya ba, ita ma ƙusar ba ta motsa ba. Duk wanda ya shigo ya tambaya, sai ya washe baki ya ce ta Auta ce, ana jiran lokaci. Mai ɗakinsa ta sha gaya masa ya daina riga malam masallaci, shi kuwa sai ya ce ai malamin ne ya makara.

Kullum aka tashi daga makaranta, Auta takan tsallako titi ta zauna a shagon ta yi aikin gida, kuma kullum bayanta take ba bangon. Shi dai yana ɗauka hasken ƙofa take bi. Mutumin da yake gane ɗan karkacewar wuya tun daga bakin titi, ya kasa gane abin da ke gaban hancinsa.

Malamin lissafi, wanda ke yi wa 'yan ajin ƙarshe jagora wajen neman gurbi, ya taɓa zuwa ɗaukar hoton katin aiki, ya ga ƙusar, ya yi ƙoƙarin jan kunnensa cikin ladabi. Ya ce Auta haziƙa ce, wannan ba musu, amma kowace makaranta a ƙasar tana da tata ta ɗayan, kuma dukkansu can suke nufa. Ya ce idan an ɗauki ɗaya an bar goma, kuma goman nan ba wani abu aka fi su da shi ba, kujeru ne suka ƙare. Saboda haka ya sa ta nemi wasu wuraren ma, har da jami'ar da ke cikin gari. Ɗaga-Kai ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya ce wa malamin ya ɗaga kai kaɗan. Maganar ta bi iska.

Ranar da Auta ta zauna a kan kujerar nan mai kwali don nata fasfon, tsokana ta ƙi ci. Ya yi maganar hanci, ya yi ta yunwa, yarinya ta yi ƙememe. Da ya matsa baya don gyara fitila sai ya yi tuntuɓe da waya, ya rungumi lemar kamar ya ga ɗan uwa. Nan Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki, shi kuma yana tangaɗi ya danna. Na biyun ya fito tsaf, aka tura can.

Sakamako ya fito wata rana da hantsi, ta waya. Can ba su ɗauke ta ba. Jami'ar cikin gari ta ba ta gurbin abin da take so, haɗa magunguna, har da yabo. A gida aka yi mata barka, ta amsa da fara'a daidai gwargwado, ta ci gaba da harkokinta. Abu ɗaya ne ya canja: ta daina zuwa shago. Ko abincin rana aka ba ta ta kai masa, sai ta miƙa wa mai kemis ta juya.

Ɗaga-Kai ya ji zafin rashin can, ba zai ɓoye ba, amma zafin bai kai sati ba ya wuce. Wanda ya ƙi wucewa shi ne na bencin da Auta ke zama, wanda yanzu ba kowa a kansa. Da farko ya ɗauka kunyar 'yan layi take ji. Mai kemis ce ta warware masa, ranar da ta shigo da kwanon abincin ta dire a kan tebur.

Ita wannan mai kemis shi ya ɗauki fasfonta tun tana 'yar ajin ƙarshe, kuma a zamaninta ba wanda ke ja da ita a makarantar. Ita ma ta nemi can ba ta samu ba. Yau ga ta da shagonta da ma'aikatanta, rabin layin sun fi yarda da ita a kan asibiti. Ta tsaya ta dubi bangon, ta ce, “Baba, ni shekara nawa ina shigowa nan, ban taɓa ganin fuskata a wurin nan ba, kuma ban mutu ba. Amma ni ba a buga mini ƙusa ba. Auta ba mutane take gudu ba, wannan take gudu.”

Ya dubi ƙusar kamar yau ya fara ganinta. Ta yi tsatsa, har ta zana ɗan jan layi a fenti. Sai a lokacin ya tuna yadda yarinyar ke juya wa bangon baya, kuma kunya ta kama shi ƙwarai. Shi yana ganin alfahari ya buga a bango, ashe kaya ya ɗora wa 'yarsa tun tana ƙarama, take ɗauke da shi har yau.

Ya ɗauko filaya zai cire ta, har ya kama kanta, sai ya fasa. Idan ya cire, rami zai bari, kuma Auta za ta karanta ramin fiye da yadda ta karanta ƙusar. Ya ajiye filayar ya kunna kwamfuta, ya shiga inda yake tara hotunan farko, waɗanda ba a kai wa kowa. Ya daɗe a ciki, yana dariya shi kaɗai, domin yara ne birjik, kowa baki har kunne, wasu yanzu malaman asibiti, wasu injiniyoyi, wasu masu shaguna a layin nan. Ya wanke guda biyu.

Washegari ya aika gida cewa fitila ta lalace, yana son mai riƙe masa, kuma Auta yake so. Ta zo tana jan ƙafa da kwanon abincinsa a hannu, ta shigo kanta a sunkuye, ta nufi fitilar ba tare da ta dubi ko'ina ba. Fitila lafiyarta ƙalau.

“Auta,” ya ce, “ɗaga kai kaɗan.”

Ta ɗaga. A kan ƙusar nan ga ta a firam, ta riƙe ciki, idanu a rufe, haƙora duk a waje, hoton ma ya ɗan karkace saboda mai ɗaukar yana shirin faɗuwa. A gefenta, a kan sabuwar ƙusa, ga mai kemis tana 'yar siririya, ita ma tana ƙyaƙyatawa.

Auta ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Baba, ai bangon na waɗanda suka samu can ne.”

“Can suna da kujerunsu, sun raba yadda suka ga dama,” in ji shi. “Nan kuwa bangona ne, ni ke ba da gurbi. Na makara ne kawai.”

Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce cikin duk hotunan duniya sai wanda ta fi muni ya zaɓa. Ya ce laifin hancin ne, ba na kyamara ba. Ta goge fuska da bakin mayafinta, ta jawo bencinta, ta juya shi yana kallon bangon, ta zauna ta buɗe masa kwanon abincinsa.