Mai Wayarin da Aron Ido

Mai Fenti yana tace fenti cikin gwangwani lokacin da mai faci ya shigo rumfarsa ya tsaya, bai ko yi sallama ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi tirela ta buge Mai Wayarin a kan titi, daidai ƙofar gareji, ko shurawa bai yi ba. Ƙarfe tara ne na safe, rana ta fito sarai. Gwangwanin ya cika, fenti ya malalo kan takalminsa, shi kuwa yana ta zubawa.

Shekara ashirin da shida langa-langa ɗaya ce ta raba rumfunansu. Mai Wayarin gajere ne, mai faɗin tafi, yatsunsa duk tabon dalma. Bai da surutu sai da mutum ɗaya, shi ma rabi tsokana ce. Abin da ya yi suna a kai shi ne soket ɗin da aka rasa gidansa. A kawo tsohuwar mota da ta bi hannu biyar, a cire dashbod, sai ga soket uku ko huɗu suna reto, kowa ya yi cirko-cirko. Shi kuwa ya durƙusa ya ƙirga bakunan da babban yatsa. Ya ja wayar a hankali ya ga iya inda ta kai, don a cewarsa kamfani ba ya ƙara ko taƙi ɗaya a banza. Ya hura ciki: in ƙura ta cika ramukan, to tun da aka ƙera motar ba a taɓa jona shi ba, a ƙyale shi. Daga nan sai ya duba kalar wayoyin.

Kalar ce ta fara guje masa. Shekara biyu da suka wuce, wata rana ya ƙwala kira ta bayan langa-langa: "Mai Fenti, zo ka riƙe min fitila." Da ya zo, sai ya tarar da fitilar a rataye tana ci. Mai Wayarin ya miƙo masa waya, ya yi ƙasa da murya.

"Wannan koriya ce ko shuɗiya?"

"Wasa kake?"

"Ka gaya min kawai, mutumina."

Ashe hazo ne ya daɗe yana rufe masa ido, na hagu ma ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya sa Mai Fenti ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har da matar shi Mai Wayarin. Wa zai kai motarsa wurin mai wayarin da ba ya gani? Ga 'ya'ya mata huɗu, uku suna makaranta. Asibiti kuwa, ya ce in suka taɓa idon suka ƙarasa shi fa?

Haka suka zauna. Mai Wayarin ya cire ƙwan fitilar gwajinsa ya sa mata ƙaramar ƙararrawa, mutane suka ce wannan mutum akwai basira. Kullum sau biyar, sau goma, sai an kira Mai Fenti riƙon fitila. Ya sunkuya kamar mai kallo, yana raɗa: ja mai layin fari, baƙa, ruwan ƙasa. Wani lokaci ya ce, "Wannan ja ce amma ta sha rana," Mai Wayarin ya ce, "Ba hoto zan zana ba, ɗan iska, ja ko ba ja ba?" Su yi dariya, masu mota su ɗauka hira ce. Mai Fenti yana son wannan aiki, gaskiyar magana ke nan. Yana jin daɗin a ce abokinsa ba ya iya yi sai da shi. Ya sha ganin yana lalubar sukudireba da ke gabansa, ya sha ganin ya yi tuntuɓe da jak, kuma bai taɓa tambayar kansa yadda mutumin ke tsallaka titi safe da yamma ba.

Da ya isa gidan Mai Wayarin a ranar haɗarin, matar tana zaune a ƙofar ɗaki, ta rungume jakar kayan aikin da aka tsinto a gefen kwalta. Ba ta kuka. Ta ɗago ta dube shi.

"Baban yara shekara talatin yana cikin motoci. Direban ya rantse ya yi ta hon, ya ce tsaye ya gan shi a tsakiyar titi yana waige-waige. Yaya, kai ne kullum tare da shi. Me ya same shi?"

Mai Fenti ya zauna a ƙasa, da fenti a ƙafarsa, ya gaya mata komai, tun daga wayar farko. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Shekara biyu," ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Har yau ba ta sake yi masa magana ba, shi kuma bai ga laifinta ba.

Ana gobe abin zai faru, da la'asar, suna kan wata mota da suka ɗaga kujerarta. Mai Wayarin ya lalubo wani soket mai baki biyu, ya ce na bel ɗin kujera ne, ya ɗauko wayar batir zai ba shi wuta. Mai Fenti ya cafke hannunsa. Soket ɗin rawaya ne, na jakar iskar nan da ke kumbura in an yi karo. Da wuta ta shiga, da ta fashe masa a fuska.

"Ya isa haka," in ji Mai Fenti. "Yau zan je in gaya mata. Gobe asibiti, ko da ɗaure ka zan yi."

"Rantsuwarka fa?"

"Na ɗauki zunubin."

"Haba, mutumina. Bari in sallami motocin nan uku da ke hannuna. Mako ɗaya. Ni da bakina zan gaya mata, kada ta ji daga waje."

"Kwana uku."

"Kai da ko ƙofa ɗaya ba ka fesawa a kwana uku? Mako."

Mai Fenti ya sake masa hannu.

"To, mako ɗaya."

"Na gode. Miƙo min tef."