Jakin Baba Maharazu

A shekarun da Turawa ke haramar tafiya, duk yaron da ya gagari iyayensa a Fammar, wurin Baba Maharazu manomi ake kai shi. Gwajinsa ɗaya ne: yaro ya kai jakin Baba mai taurin kai kasuwar Kibiya. Wanda ya doki jakin, zuciyarsa a kusa take. Wanda ya lallaɓa shi, zai shiryu.

Da aka kawo Alu, gwanin satar mangwaro, jakin ya bi shi salin-alin. Baba na cikin yabonsa, sai ya lura damin harawarsa ya ɓace. Ashe da ita Alu ya ja jakin!

Baba ya tuntsire da dariya, ya ce, "Shekara ashirin ina dogara da alƙali mai cin hanci!"