Ranar da Yaya Ya Hau Tsani da Babbar Riga

Yayana ya yi shekara da shekaru yana haɗa fitilun biki a Lafiya, ni ina kama masa. Mutumin kebul ne. Zai durƙusa ya ja shi ta ƙarƙashin kafet tun daga dandamali har teburinsa, ya bi shi da salatif, gwiwoyinsa duk sun yi kanta. Ni kuwa na gano na'urar da ake juya fitilu da kwamfutar hannu, ba kebul ko ɗaya, na ishe shi da surutu. Amsarsa kullum ɗaya: abin da hannunsa bai taɓa ba, bai yarda da shi ba.

Da auren 'yarsa ta fari ya zo, na samu lagonsa. Na ce, "Yaya, yau kai uban amarya ne. Abeg ka zauna a gaba, ka bar mini fitila." Ya ce, "To. Kar dai ka kunyata mini yarinya."

A wani ɗakin taro a Bukan Sidi aka yi, bayan la'asar, an rufe tagogi da labule. Da safe na gwada sau uku, komai daidai. Abin da ban lura da shi ba, lokacin ɗakin babu kowa. Ana cewa ga amarya, kowa ya ɗaga wayarsa, masu ɗaukar bidiyo, masu nuna wa dangin nesa kai tsaye. Netwok ya cushe, har da wanda na'urata ke aiki da shi. Na danna, shiru. Babbar fitilar ta kafe tana haska bango, amarya tana tsaye bakin ƙofa cikin duhu. Na sake dannawa, ko motsi ba ta yi ba.

Yaya bai ko dube ni ba. Ya naɗe babbar rigarsa, ya hau tsani, ya kama kan fitilar da hularsa saboda zafi, ya juyo ta. A haka ya raka 'yarsa da haske har kujerarta, kuma bai sauko ba sai da aka tashi. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi komai cin raina.

Bara ya rasu. Ina kewarsa ƙwarai, har da faɗan nasa. Kwanan baya 'yar ta kira ni, tana son hotonta da babanta na ranar bikin, ta nuna wa ɗanta. Na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ita ta fito tas a kowanne. Shi babu shi ko a ɗaya.