Murjanin Innata a Ƙasar Makabarta

A lokacin da wannan abu ya faru, ni mace ce mai taurin kai, irin wadda in an kafa doka sai ta ga kamar ba da ita ake ba. Daga Damagaram na zo New York, ina tsaron shagon atamfa a unguwar Morrisania. Ban samu zuwa jana'izar innata ba. Abin da aka aiko mini nata shi ne ƙwayar murjani ja da take ratayawa tun ina ƙarama, ni ma na ɗaura a wuya, ko wanka zan yi ba na cirewa.

'Yata da ke jami'a ce ta ja ni. Ta ce an gano tsohuwar makabartar bayi 'yan Afirka a ƙarƙashin wani gini, ana neman masu taya tankaɗe ƙasar da aka kwaso, a tsince abin da ya rage nasu a sake binne su da mutunci. Tausayi ya kama ni, na ce tankaɗe dai ai da shi muka tashi. Shugabar aikin ta gargaɗe mu kowa ya cire zobe da sarƙa kafin ya taɓa rariya. Na cusa murjanina cikin riga, na ce a raina wa zai gani.

Sai da na zo alwala a gida na shafa wuya na ji wayam. Zaren ya tsinke. Na zazzage jaka, na kakkaɓe mayafi, na yi kuka kamar ranar da aka yi rasuwar. Washegari na koma na tarar ana ta murna, wai an tsinci jan dutse a ƙasar, ana zaton wani bawan Allah ne ya ƙetaro teku da shi a jikinsa. Wata dattijuwa Ba'amurkiya, wadda kakanninta ke kwance a wurin, tana kallonsa a leda tana share hawaye. Ga ƙa'ida kuma, duk abin da ya fito daga ƙasar kabari za a mayar da shi. Ina leƙa ledar na ga murjanina ne. In na yi shiru na rasa innata karo na biyu, in na buɗe baki na kashe wa baiwar Allah murnarta.

Na daure na faɗa musu nawa ne. Shugabar ba ta yi faɗa ba, amma ta ce sai da shaida. 'Yata ta nuno hotona da shi a waya, aka leƙa ramin ƙwayar aka ga guntun zaren roba, irin wanda ba a san shi ba a zamanin mutanen. Dattijuwar nake tsoro, sai ga shi ita ta kama hannuna. Ta ce an yi wa kakanninta ƙarya iya ƙarya, gara da ba a ƙara musu wata ba. Ita da kanta ta damƙa mini murjanin.

'Yan'uwa, in kuka shiga wurin da ake girmama matattu, ku bi abin da aka ce ko da kun ga ƙarami ne. Saura ƙiris gangancina ya zama tarihin mutanen da ba su da bakin musantawa. Na ci gaba da zuwa har aka gama aikin, amma kullum a gida nake barin murjanin, cikin kwanon da ke gefen gadona.