Ɗanyar Yakuwar Inna

Da zazzaɓi ya saki Inna, bakinta ya ƙi komai sai faten tsaki da ɗanyar yakuwa. Ga shi tsakiyar bazara. Sau biyu ina zagaye kasuwar Kankiya, kowa busasshiya yake miƙo mani, sai ka ce ba ni da ido. Raina a ɓace na hau babur har Mawashi, wani mai lambu ya ce in shiga in tsinka da kaina. Na ciko leda, na dawo ina haki.

Inna ta tauna ganye ɗaya, ta dube ni.

"Rama ce, ɗan nan. Zaman birni ya cinye maka ido."

Ta sa aka dafa, ta cinye tas. Da ma zagina ta yi, da ya fi mani sauƙi.