Ranar Ruwan Kawu

Da na dawo Malanville daga karatu a Kwatano, aikin farko da na samu shi ne na tsara wa manoman shinkafar bakin kogi rabon ruwa. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya tsaya mini a gaban dattawan ƙungiyar. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya san ordinatar, wato kwamfuta, a daina rigimar wa ke da ruwa yau.

Na rubuta manhajar kamar yadda aka koya mana. Kowace gona na mai da ita abu mai zaman kansa, tana riƙe da ranarta da labarin ko ta sha ko ba ta sha ba. Kowace ƙofar ruwa ita ma tana da nata jerin gonakin, kuma tana iya sa hannu ta canja abin da gona ta riƙe. Kullum da safe takarda ta fito, mai buɗe ƙofofi ya bi ta. Na yi ta fankama da abin nan har abokaina suka gaji da ni.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne al'adarmu ta makoki. In aka yi wa mutum rasuwa, maƙwabcin gonarsa ya karɓi ranar ruwansa, bayan sadakar uku ya ba shi tasa. Na ƙara wannan a gurguje, layi biyar.

A ranin nan matar kawu ta rasu, shinkafarsa na da ciki. Maƙwabcinsa ya karɓi Talata, ya bar masa Asabar. Gonar kawu ta san ranarta ta koma Asabar, amma ƙofar ba ta sani ba. Da aka buɗe ta ran Talata, sai ta rubuta wa gonar kawu cewa ta sha. Asabar ta zo, sunansa bai fito a takarda ba. Mako na biyu ma haka, don gonar da ƙofar kowacce tana canja labarin 'yar'uwarta a ɓoye. Kawu na gida yana karɓar gaisuwa, daga nan zazzaɓi ya kwantar da shi, hankalinsa kwance tunda ɗan ƙanwarsa ne ke rabon.

Da ya iya hawa babur muka je gonar tare. Ƙasar ta tsattsage, zangarniyar ta yi fari, babu ƙwaya a ciki. Ya murza ɗaya a tafinsa ya ce, "Wa ya ɗauke mani ruwana?"

Na ce zan duba. Kwana huɗu ina dubawa. Wurare bakwai ne a cikin manhajar ke iya taɓa labarin gona ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa ya shafe na baya. Da na gano, kunya ta hana ni faɗa. Na ce masa na'ura ce ta rikice. Wannan ƙaryar ta fi asarar ci mini rai.

Damina guda na yi ina sake ginin daga tushe, da tsarin da a makaranta muke yi wa dariya muna cewa na masu lissafi ne. Yanzu ba abin da ke riƙe da sirrinsa, ba a kuma shafe komai. An buɗe ƙofa, an yi musayar rana, duk a jera su ɗaya bayan ɗaya. Aiki guda ne ke karɓar jerin ya fitar da takardar gobe, ba ya taɓa komai a waje, kuma in ka ba shi abu ɗaya sau ɗari amsa ɗaya zai ba ka. Hannuna ya sha wuya kafin ya saba, kamar mai koyon cin tuwo da hagu.

Na kai wa kawu ya gani. A lokacin ya riga ya bar wa wani gonar, ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Ya saurare ni har na gama.

"Yanzu in anka hana mutum ruwa, kana iya gaya mashi wanda ya hana shi?"

Na ce ina iyawa, ranka ya daɗe.

"To, wancan karon fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, kawu."

Ya ce ya sani tun ranar, jira yake in faɗa da bakina.